Funfuna a Bangon Ɗaki: A Nemo Hanyar Ruwa Kafin a Ɗauki Buroshi

Damagaram gari ne na rani. Ruwan da ke sauka a shekara wajen milimita 400 ne, shi ya sa mutane da yawa ba sa kawo batun danshi a ransu idan za su yi gini ko jeren ɗaki. Sai dai ruwan nan ba a rabe yake zuwa ba. Kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, mafi yawa a watan Agusta. Ga shi kuma garin a kan dutse yake zaune, duk wanda ya zaga Birni, tsohuwar unguwar garin, ya ga manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su. Inda dutse ke kusa da sama, ruwa ba ya samun wurin nutsewa da wuri, sai ya kwanta a lungu da gindin katanga, bango ya yi ta sha a hankali.

Daga tsakiyar damina za ka fara jin uwar gida tana cewa, "Ɗakin nan sai warin sanyi yake," ko "Kayan cikin akwati duk sun yi bashi." A ja gado daga jikin bango, sai a tarar da ɗigo-ɗigo baƙi ko kore, wani wurin fari mai gashi-gashi, ƙasan katifa ya yi dabbare-dabbare. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko tsintsiya a share, ko a kira mai fenti ya rufe. Duka biyun ɓata lokaci ne, na farkon ma har da cutarwa.

Funfuna abu ne mai rai. Ƙwayoyin irinta suna yawo cikin iska ko'ina, ba gidan da babu su, kuma ba maganin da zai ƙarar da su. Abinci ma ba ta rasawa: ƙura, katako, takarda, auduga, fata, kwali. Ruwa kaɗai take jira. Abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48, to ta samu wurin zama. Saboda haka duk inda aka gan ta, akwai ruwan da ke shigowa ko danshin da ya rasa hanyar fita, kuma muddin ba a tare shi ba, ko da wane irin magani aka goge za ta dawo.

Ba ƙazantar ido kawai ba ce. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta nuna alaƙarsu da tari, da shesshekar numfashi, da tashin ciwon fuka. Jarirai, tsofaffi, masu fuka da waɗanda wata cuta ta raunana wa jiki su ne suka fi shan wahala. Yaron da tarinsa ke tsananta da dare a ɗaki guda, ya lafa in ya kwana wani wuri, a kai shi asibiti, a kuma duba bayan gadonsa.

Ta ina ruwan yake shigowa?

Wurin da tabon yake shi ne shaida ta farko. In a sama yake, a silin ko inda bango ya haɗu da rufi, to rufin ne. A ɗakin soro, yawanci indararo ne ya toshe da leda, ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya taru a sama har ya samu tsaga ya bi. A ɗakin kwano kuwa, a duba ramukan ƙusa da suka buɗe, da bakin kwanon da aka cusa cikin bango aka liƙe da siminti, don zafin rana yana sa kwano ya miƙe ya dawo kullum har liƙin ya tsage. A lura da abu guda: ruwa yana bin azara ko katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, don haka ramin yana iya kasancewa nesa da tabon, ta wajen tudu. Da rana tsaka a rufe ƙofa da taga a ɗaga kai, inda babu silin za a ga haske ta ramin.

In kuwa tabon daga ƙasa ya taso, ya yi layi a jikin bango kamu ɗaya ko biyu, da wuya ya wuce mita guda, to bangon ne ke tsotso daga tushe. Wannan shi ya fi yawa a gidajenmu, kuma dalilinsa kusan kullum yana waje, ba cikin ɗaki ba. A fita a duba bayan wannan bangon daidai. Ko rariyar gida ta toshe ruwa yana kwana a tsakar gida, ko indararo gajere ne yana zuba a gindin bango, ko shekara da shekaru ana cike lungu da ƙasa har ya fi daɓen ɗaki tudu. Wani lokaci ma ba ruwan sama ba ne: randar da ke tsatsa a jingine da bango, wurin alwala, wurin wanke-wanke, ko shukar da ake ba ruwa safe da yamma a gindin ɗakin kwana.

Danshin da bai san damina ba bai san rani ba, wanda ake gani har cikin hunturu, bututun famfo ne ko ban ɗaki. Gwajinsa mai sauƙi ne. A rufe duk famfunan gida, a rubuta lambar da ke jikin mitar ruwa, a dawo bayan awa biyu. In lambar ta motsa, akwai inda ke yoyo a ɓoye. Bangon da ke raba ɗakin kwana da wurin wanka shi ma a duba shi, musamman in simintin ƙasan wurin wankan ya tsage a kusurwa.

Akwai kuma danshin da mu muke haifarwa da kanmu. Mutum guda mai barci yana fitar da fiye da kofin ruwa ta numfashi da gumi kafin gari ya waye. A lissafa mutum shida a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sauro, ga wanki an shanya a ciki saboda hadari, kuma wanki guda yana iya sakin lita biyu na ruwa cikin iska. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ke ceton mutane a Afrilu da Mayu, a watan Agusta ƙara wa ɗaki laima kawai take yi. A kunna fankarta ba tare da ruwa ba, ko a ajiye ta sai bazara.

In an rasa gane ko daga bango ne ko daga iska, a yanko leda mai kauri, santimita 50 kowane gefe, a manna ta a wurin da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. In cikinta, wato ɓangaren da ke manne da bango, ya yi gumi, ruwan daga bango yake. In bayanta ne ya jiƙe, iskar ɗakin ce. Haka ake gwada daɓen siminti.

Sannan ba kowane farin abu a bango ne funfuna ba. Ruwan da ya ratso siminti ko tubali yana ɗauko gishirin ƙasa, in ya bushe ya bar shi a sama. A kankaro kaɗan a zuba cikin ruwa: gishiri zai narke, kuma a yatsa yana marmashewa. Funfuna ba ta narkewa, shafewa take yi, ga wari. Gishirin ba ya cutar da numfashi, amma shi ma yana nuna cewa bangon na shan ruwa.

Yadda ake gogewa

Da farko a auna girman aikin. In wurin bai kai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi ba, mutanen gida za su iya. In ya ci bango guda, ko silin ya kumbura, ko ruwan kwata da na masai ne ya shigo ɗakin, a kwashe iyali zuwa wani ɗaki a nemo magini da wanda ya san aikin. Mai ciki, mai fuka da yara ba su da hannu a wannan aiki, kada ma su tsaya kallo. In bangon da ya jiƙe akwai soket ko waya a jikinsa, a kashe wuta daga mita tukuna.

Mai aikin ya sa safar hannu ta roba mai tsawo, da tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumi mai lamba FFP2 ko N95, ana samu a kantin magani. Rawani ko gyale a hanci ba ya tare ƙwayoyin, sun yi ƙanƙanta. A buɗe taga da ƙofar waje, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna, a kashe fanka. A fitar da abinci, ruwan sha da shimfiɗa.

Kada a share ko a kankare funfuna a bushe. Tsintsiya tana tayar da ƙwayoyin ne su cika ɗaki, su sauka kan gado da tufafi, mai sharar kuma ya shaƙa. A fara fesa wa wurin ruwan sabulu kaɗan ya lafa. Sannan a kan siminti, tayil, ƙarfe, roba ko fenti mai sheƙi, a dirje da buroshi da ruwan omo, daga gefe zuwa tsakiya, a goge da tsumma, a riƙa sake ruwa da zarar ya yi baƙi. Wannan dirzar ita ce ainihin aikin. Funfunar da ta mutu amma tana nan manne tana iya tayar wa mutum da tari kamar mai rai, don haka cire ta ake so, ba canza mata launi ba.

Ruwan jabel, wato bilic, bayan nan yake zuwa, kuma ba dole ba ne sai inda ruwan ƙazanta ya taɓa ko tabon ya ƙi fita. A karanta jikin kwalba, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka rubuta 2,6%, kofi 1 cikin kofi 6 na ruwa. Mai 12°, kofi 1 cikin 9. Mai 5% ko 6%, kofi 1 cikin 15. Ruwan sanyi ake sawa, ba na zafi ba. A ɗauraye sabulun tukuna, a shafa, a bari minti 10, a sake ɗaurayewa, a goge ya bushe. Abin da ya rage a bokiti a zubar, don kwana ɗaya yake yi ƙarfinsa ya ragu. Zuba shi tsagwaronsa ba ya ƙara komai sai ƙona fata da maƙogwaro.

Ga gargaɗin da nake so kowace uwar gida da kowace yarinya mai taya aiki ta riƙe: jabel ba ya haɗuwa da komai sai ruwa. Ba a haɗa shi da binegar, ko lemun tsami, ko asid ɗin wanke masai, ko wani maganin goge-goge mai amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba wadda a ƙaramin ban ɗaki za ta iya kayar da babba. Wanda ya ji idonsa na yaji, ƙirjinsa ya riƙe, ya fita waje nan take, in numfashi bai daidaita ba a kai shi asibiti.

Katakon gado, kabad da ƙofa ba a jiƙa su sharkaf. A goge da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, ko a shafa farin binegar a bari awa guda a goge, sannan a fitar da su iska. Katakon da ya yi laushi har farce na shiga ya riga ya ruɓe. Silin na kwali ko falankin garin katako da ya sha ruwa ya kumbura ba ya gyaruwa: a fesa masa ruwa kaɗan, a cire, a ɗaure cikin leda a fitar.

Bangon ƙasa dabam ne. Ba a wanke shi, don ƙara masa ruwa ne. A ɗan fesa ya lafa, a kankare fatar saman da ta kamu da cokalin magini, a kwashe a bokiti a kai nesa, a bar wurin a buɗe ya sha iska. Sabon yaɓe sai ya bushe sarai.

Katifar soso ita ce ke da wuyar rabuwa, don kuɗi ne. In a saman riga kawai abin ya tsaya, a fitar da ita waje, a goge da ruwan sabulu kaɗan, a shanya a rana kwana biyu ko uku ana juyawa, a ɗora ta kan abin da iska za ta bi ta ƙasa. Amma in ruwa ya ratsa ta, aka matsa aka ji wari na fitowa daga ciki, rana ba ta kai wa can. A haƙura da ita, kuma kada a ƙona, hayaƙin soso guba ne. Tufafi a kaɗe su a waje, a wanke da ruwan zafi in yadin zai jure, a shanya a rana, a goge da dutsen guga kafin a mayar akwati. Shadda da rinannen kaya ba a sa musu jabel. Kayan fata, irin takalma, jaka da matashin da dukawan garin nan suka shahara da su, a goge da busasshen buroshi a waje da takunkumi a fuska, a bi da tsumma mai alkol na kantin magani da ruwa rabi da rabi, a shanya a inuwa, don rana mai zafi tana fasa fata. Littattafai da Alƙur'anin da ke cikin gafaka kuwa a buɗe su a inuwa inda iska ke kaɗawa, sai sun bushe sannan a share da buroshi mai laushi. Jiƙaƙƙen tsumma a kan takarda ɓarna ce.

Ɗakin ajiya yana da nasa haɗarin da ya fi tari. Wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, har ta kai ga kansar hanta. Dafuwa, suya ko yin ƙuli-ƙuli ba sa kashe ta. A tsince duk ƙwayar da ta yi kore, ta yi baƙi ko ta yamushe a zubar, kada a ba akuya ko saniyar da ake tatsa, don gubar tana bi ta nono. Buhun gero, wake ko gyaɗa a ɗora shi kan katako, aƙalla santimita 10 daga ƙasa, da tazarar kamu guda daga bango, kuma kada a ɗure hatsi sai ya bushe har yana ƙas a haƙori.

Bushewa da gyara

Bayan an gama gogewa ne ake kunna fanka, a juya ta tana kallon bangon, taga a buɗe. A riƙa buɗe ɗaki daga hantsi zuwa la'asar a ranar da rana ta fito, a rufe in hadari ya taso. Wasu suna kai kaskon gawayi ɗaki su rufe don bango ya bushe da wuri. Kada a yi haka ko sau ɗaya. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci.

Jeren ɗaki ma yana da hannu. Gado, kabad da akwatuna a janye su daga bango kamar faɗin tafin hannu, a ɗora akwati kan bulo ko katako. Katifar da ke ƙasa a riƙa jingine ta kowace safiya. Ledar ɗaki da kafet a kan daɓen da ke tsatso ruwa tarko ne: sama fes, ƙasa baƙi ƙirin. A damina gara tabarma, wadda za a naɗe a shanya. Wanda ke da ɗan abin auna laimar iska, ya yi ƙoƙari ɗakin ya zauna ƙasa da 60%.

Babban gyara na rani ne. Bango mai kauri yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin cikinsa ya bushe, ko da samansa ya yi fari. Iskar hunturu ita ce ke yin wannan aiki kyauta, don haka fenti da yaɓe su jira ta. Wanda ya yi fenti a Satumba kan jiƙaƙƙen bango zai ga ya kumbura ya ɓare. In lokacin ya yi, a wurin da ya taɓa yin danshi farar ƙasa ta kanti, wadda ke ɗaukar zafi in an jiƙa ta, ta fi fentin mai. Tana barin bango ya fitar da danshinsa, kuma kaifinta ba ya barin funfuna ta kama da sauƙi. A dama ta ruwa-ruwa, a shafa sau biyu ko uku da tazarar kwana guda, da tabarau da safar hannu, don tana ƙona ido.

A nan ne nake saɓa wa abin da ya zama yayi, wato lulluɓe ginin ƙasa da siminti ciki da waje. Ƙasa tana shan danshi ta sake shi, siminti kuwa ba ya barin ya fita da sauri, kuma su biyun ba sa kama juna da kyau. Da zarar simintin ya yi tsaga, ruwa ya shiga bayansa ya maƙale, ƙasar ta yi ta narkewa a ɓoye alhali daga waje bango lafiya lau. A ƙwanƙwasa da hannu, in ya yi ƙarar fanko, ya riga ya rabu. Yaɓen ƙasa da makuba, wanda ake sabuntawa kafin damina, ya fi dacewa da irin wannan bango, ko da yake yana son kulawa kowace shekara. A farkon Satumbar 2024 tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, kuma gidaje da yawa sun faɗi a Nijar a waccan daminar. Saboda haka, maigida, in gindin bangon ƙasa ya zaizaye, ko ya yi ciki, ko sabuwar tsaga ta fito tana ƙara buɗewa, ko ƙofa ta fara cijewa, batun ya wuce funfuna. Kada kowa ya kwana a ɗakin sai magini ya gani.

Ayyukan waje su ne masu arha kuma su suka fi amfani. A cike gindin bango da ƙasa a daɓe, ta gangara waje da kamar santimita 5 a kowace mita, har mita biyu in fili ya samu. A ƙara wa indararo tsawo ya zuba nesa, a shimfiɗa duwatsu inda ruwan ke faɗuwa don kada ya fantsamo wa bango. A yashe rariya, a zauna da maƙwabta a kan hanyar ruwan lungu, don wanda ya tare nasa ya tura wa na kusa da shi. Randa ta koma kan dakalinta nesa da ɗaki. Mai sabon gini ya ɗaga daɓe sama da titi, ya sa magini ya shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta tsakanin tushe da layin bulo na farko, abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi bayan an gama gini.

A watan Mayu, kafin ruwan farko, mutum ɗaya ya hau rufi da bokiti uku ko huɗu ya zuba daga wajen tudu, wani yana cikin ɗaki yana kallo. A soro a bi ruwan da ido: duk inda ya tsaya bai gangara indararo ba, a cike wurin a daɓe. A kwano a sauya ƙusoshin da suka saki da masu zoben roba, a liƙe ƙananan ramuka da kwalta, sannan a sake zuba ruwan a tabbatar.